MURHUN ƊUMAMA GIDA MAI BUTUTU: A AUNA GIDA KAFIN A SAYA

1. DALILIN WANNAN DARASI

An shirya wannan darasi domin Hakimai da malamansu, gama su ne jama'a kan kawo wa tambaya a kan kowane baƙon abu da suka ji labarinsa. A zamanin nan fatake da ɗalibai da ma'aikata suna zuwa ƙasashen sanyi, waɗansu har sun zauna can da iyalinsu. Sukan komo da labarin wani irin murhu da Turawa ke ɗumama gidajensu da shi, wanda ba ya cin itace ko gawayi, sai waɗansu 'yan ƙwayoyi na garin katako. A cikin irin wannan murhu akwai mai bututu, watau wanda ake girke shi a ɗaki guda amma yana aika da iska mai zafi zuwa sauran ɗakuna.

Za a bayyana yadda murhun yake aiki, da yadda magidanci yakan yi lissafi in ƙaramin murhunsa ya kasa, yana so ya sayi babba. Kan maganar guda ɗaya ne: ba girman murhu ake fara dubawa ba, gidan da za a ɗumama ake fara aunawa. Wanda ya tsallake wannan awo ya yi hasarar kuɗinsa, wani lokaci kuma har ya jawo wa iyalinsa haɗari.

2. INDA ABIN YA FITO

Bayan tsadar man fetur ta shekarar 1973, mutanen ƙasashen sanyi suka shiga neman wani makamashi da zai rage musu dogara ga mai. Suka lura da garin katako da ke taruwa a masana'antun yanka katako, aka soma cura shi da injin irin wanda ake cura abincin dabbobi da shi. A farkon shekarun 1980 wani injiniya mai suna Jerry Whitfield, a jihar Washinton ta Amurka, ya ƙera murhun gida mai cin waɗannan ƙwayoyi. Daga nan abin ya yaɗu, har ya haye teku zuwa Turai.

Italiya tana cikin ƙasashen Turai da suka fi kowa yawan irin wannan murhu, kuma masana'antunta sun yi suna wajen ƙera mai bututu. Saboda haka daga can za a ɗauki misali. A arewacin Italiya, wajen biranen Milan da Turin, sanyi yakan kai ruwa ya daskare da dare a watan Janairu. Dokar ƙasar ta raba garuruwa kashi kashi bisa ga tsananin sanyinsu, kuma a kashin da Milan take ciki lokacin ɗumama gidaje yana kamawa daga 15 ga Oktoba zuwa 15 ga Afrilu, watau wata shida cur. Zafin da ake nema a cikin ɗaki kuwa wajen digiri 20 ne.

3. MAKAMASHIN

Turawa suna kiran ƙwayoyin nan felet. Kaurin kowace ƙwaya milimita 6 ne, tsawonta ba ya wuce santimita 4, kamar gutsuren fensir siriri. Ba a yi musu haɗin roba ko fenti. In injin ya matse garin katako da ƙarfi sai ya ɗau zafi, ƙaron da ke cikin itacen ya narke ya haɗe garin. Galibi a buhun kilo 15 ake sayar da su.

Ƙwayoyin ba ɗaya suke ba. A Turai akwai hatimin shaida mai suna ENplus, kuma ajin farko a cikinsa shi ne A1. Ƙwayar da ta sami wannan aji laimar da ke cikinta ba ta wuce kashi 10 cikin 100, tokar da take bari kuma ba ta wuce kashi 0.7 cikin 100. Watau buhun kilo 15 zai bar toka wadda ba ta fi giram 105 ba. Ƙwayar banza, wadda aka haɗa da ɓawon itace ko ƙasa, takan bar toka mai yawa ta dunƙule kamar kashin maƙera, ta toshe kafofin iska. A nan ma araha ba ta ado.

4. YADDA MURHUN YAKE AIKI

Murhun akwati ne na ƙarfe mai ƙofar gilashi, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. A bayansa ko a samansa akwai ɗan rumbu inda ake zuba ƙwayoyi, mai cin kilo 15 zuwa 30, gwargwadon girman murhun. A gindin rumbun akwai murɗaɗɗen ƙarfe irin na cikin injin markaɗe, shi ne ke juyawa a hankali yana zubo ƙwayoyi kaɗan kaɗan cikin wani ɗan kasko mai huje-huje. Wani tsinken ƙarfe da lantarki ke gasawa shi ke kunna wutar. Fanka ɗaya tana jawo iska ta cikin kaskon, tana tura hayaƙi waje ta bututun hayaƙi. Wata fanka dabam tana bi da iskar ɗaki ta jikin ƙarfen da ya yi zafi, ta huro ta cikin ɗaki.

A lura da kyau: hanyar hayaƙi dabam, hanyar iskar ɗumi dabam, ba sa haɗuwa. Bambancin murhu mai bututu shi ne yana da ƙarin fanka ɗaya ko biyu a baya, masu tura iskar ɗumi cikin bututai zuwa waɗansu ɗakuna. Akwai kuma ma'aunin zafi da 'yar na'ura mai sarrafa aikin duka: in ɗaki ya yi ɗumi ta rage zubo ƙwayoyi, in ya yi sanyi ta ƙara. Murhu mai kyau yakan shigar da wajen kashi 90 cikin 100 na zafin makamashin cikin gida, sauran ya bi hayaƙi.

5. YADDA AKE AUNA GIDA

Ana auna ƙarfin murhu da wat, kamar ƙwan lantarki. Wat 1,000 shi ne kilowat 1. Ana auna cikin ɗaki da kubik, watau gurbin da tsawonsa mita 1 ne, faɗinsa mita 1, tsayinsa mita 1.

A ɗauka ga wani magidanci a wani ƙauye kusa da Milan. Yana da ƙaramin murhu mai kilowat 6 a falonsa. Falo yana ɗumi, amma ɗakunan kwana biyu suna sanyi ƙarara, yara suna kwana da mura. Sai ya yi niyyar sayen babba mai bututu. To, ga lissafin da ya wajaba ya yi kafin ya taka ƙofar kanti.

Na farko, ya auna daɓen ɗakunan da yake so a ɗumama. A ce duka sun kama mita murabba'i 100. Na biyu, ya auna daga daɓe zuwa rufi, a ce mita 2.7. In ya ninka 100 da 2.7 zai sami kubik 270. Na uku, ya duba irin ginin. Masu sayar da murhu suna da ƙiyasi na kusa-kusa: kowane kubik yana bukatar wajen wat 30 in gidan yana riƙe zafi sosai, wat 40 in matsakaici ne, wat 50 ko fiye in tsohon gini ne mai shigar da iska.

In gidan matsakaici ne, 270 sau 40 ya ba da wat 10,800, watau kusan kilowat 11. In mai riƙe zafi ne, 270 sau 30 ya ba da wat 8,100. In tsohon gini ne, 270 sau 50 ya ba da wat 13,500. Ga gidaje uku, girmansu ɗaya, amma bukatarsu ta bambanta da fiye da kilowat 5. Wanda ya taɓa kwana a soro mai kaurin bango lokacin hunturu, ya kuma kwana a ɗakin kwano marar silin, ya san dalili ba sai an faɗa masa ba. Don haka nan masana sukan ce a fara gyara tagogi, a toshe kafofi, a shimfiɗa abin tsare zafi a ƙarƙashin rufi, sa'an nan a yi maganar murhu. Gyaran nan yakan sa murhun da za a saya ya zama ƙarami, abincinsa kuma ya ragu kowace shekara.

Wannan ƙiyasi na share fage ne kawai. Lissafin ƙarshe sai gwanin aikin ya zo ya ga gidan da idonsa, ya duba kaurin bango, da yawan tagogi, da inda gidan ya fuskanta.

Har wa yau, a takardar kowane murhu akan rubuta lambobi fiye da ɗaya. Akwai ƙarfin abin da murhun ke ƙonawa, akwai ƙarfin zafin da ke shiga gida. Na biyun shi ne abin dubawa, ko da yake mai talla ya fi son ambaton na farko don ya fi yawa.

6. ILLAR MURHUN DA YA WUCE KIMA

Mutane da yawa suna zaton in an sayi babba an huta, wai ko ba kome a rage masa wuta. Wannan kuskure ne, ga kuwa dalili.

Kowane murhu yana da iyakar da ba a iya rage wutarsa ta yi ƙasa da ita, galibi wajen sulusin ƙarfinsa. Mai kilowat 11 yana iya sauka zuwa wajen uku da rabi. Mai kilowat 18 ba ya sauka ƙasa da wajen 6. Bukatar gida kuwa ba tsaye take ba, tana bin bambancin zafin ciki da na waje. A ce kilowat 11 ɗin nan an lissafa shi ne domin daren da sanyi ya kai digiri 5 ƙasa da sifiri. Tsakanin wannan da digiri 20 na cikin ɗaki akwai ratar digiri 25. Amma ranar da waje yake digiri 10, ratar digiri 10 ce kaɗai, gidan kuma ba ya bukatar fiye da wajen kilowat huɗu da rabi. Dararen tsananin sanyi kaɗan ne cikin shekara, ranakun sanyi mai sauƙi sun fi yawa nesa.

A irin wannan rana murhu mai kilowat 11 zai rage wuta ya yi ta ci a hankali. Mai kilowat 18 kuwa ko ya rage iyakar ragewa zafinsa ya fi bukata. Sai falo ya zama kamar gidan burodi, na'ura ta kashe wutar, ɗaki ya huce, ta sake kunnawa. Lokacin kunnawa da kashewa shi ne lokacin da murhu ya fi fid da hayaƙi, ya fi shan lantarki, ya fi gajiyar da tsinken kunna wuta. In kuma aka bar shi kullum a kan ƙaramar wuta, gilashi ya yi baƙi, kunkunniya ta taru cikin bututu. Mai shi ya biya kuɗi mai yawa wajen saye, ga kuɗin gyara kuma yana biyo baya.

Murhun da ya kasa shi ma da tasa illar. Kullum yana ci da iyakar ƙarfinsa, fankoki suna ruri, ƙarfe yana saurin lalacewa, ɗakunan nesa kuma ba su daina sanyi ba. Abin nema shi ne daidai ruwa daidai tsaki. Saboda haka magidanci ya tambayi mai kanti lambobi biyu: iyakar ƙarfin murhu, da iyakar raguwarsa. Wanda ya tambayi ta farko kaɗai ya ji rabin labari.

7. BUTUTUN ISKA

Iska ba ta ɗaukar zafi da nisa. Kaurin bututun iskar ɗumi galibi milimita 60 ne ko 80, kuma kowane maƙeri yana rubuta iyakar tsawon da fankarsa za ta iya turawa, yawanci tsakanin mita 6 da 10. Kowace kwana da bututu ya yi tana rage ƙarfin iskar, har akan lissafa ta kamar an ƙara wajen mita guda. Don haka nan wurin girke murhu ya fi kyau ya zama a tsakiyar gida, inda bututai za su tafi gajeru kuma miƙaƙƙu. Lalle ne a naɗe bututun da abin tsare zafi, in ba haka ba sai ya ɗumama cikin bango ko saman silin, ya isa ɗaki da iska mai ɗumi-ɗumi.

Sa'an nan iskar da aka tura cikin ɗaki tilas ta sami hanyar komowa. In ƙofar ɗaki ta rufe ruf, ba ko 'yar kafa a ƙarƙashinta, sabuwar iska ba za ta shiga sosai ba, kamar mai hura salkar da ta riga ta cika. Akan bar 'yar rata a gindin ƙofa, ko a sa raga a jikinta.

Ya kamata kuma a tambaya ko kowane bututu yana da fankarsa da ake iya sarrafawa dabam, domin a iya rage wa ɗakin da ba kowa. A tambayi ƙarar fankar ma, gama abin da ba a ji da rana a kanti yakan hana barci da dare. In gidan mai ɗakuna da yawa ne, ko bene ne mai hawa biyu ko uku, ƙara girman murhun iska ba ya magance nisa. Akwai wani iri mai dafa ruwa ya aika da shi ta famfo zuwa kowane ɗaki. Ya fi tsada wajen kafawa, amma ruwa ya fi iska ɗaukar zafi da nisa.

8. ABINCIN MURHU DA WURIN AJIYA

Babban murhu babban ciki gare shi. Kilo ɗaya na ƙwaya mai kyau yana ba da zafin wajen kilowat 4.8 na awa guda, abin da ke shiga gida daga ciki kuwa wajen 4.3 ne. Murhu mai kilowat 11 in yana ci da iyakar ƙarfinsa zai cinye wajen kilo biyu da rabi kowace awa, watau buhu guda cikin awa 6. In ya rage wuta sosai buhun zai kai shi wajen awa 18. A ce magidancin nan yana ƙona buhu guda kowace rana har kwana 150. Buhu 150 ke nan, kilo 2,250. Tilas ya tanadi ɗaki busasshe na ajiya, domin ƙwayar da ta sha laima takan kumbura ta koma gari, ta cushe murɗaɗɗen ƙarfen.

Farashi ma ba shi da tabbas. Galibin ƙwayoyin da ake ƙonawa a Italiya daga waje ake shigo da su. A shekarar 2022, bayan da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, aka hana shigo da katako daga Rasha zuwa Tarayyar Turai, iskar gas kuma ta yi tsada, sai kuɗin buhu ya ninka, a waɗansu wurare har fiye. A shekarar 2023 gwamnatin Italiya ta rage harajin sayen ƙwayoyi daga kashi 22 zuwa kashi 10 cikin 100 na ɗan lokaci don ta sauƙaƙa wa jama'a. Wanda ya lissafa kuɗin murhu bai lissafa kuɗin abincinsa ba, ya sayi doki bai tanadi harawa ba.

9. HAYAƘI DA LANTARKI DA LAFIYA

Hukumomi sun sa ido kan hayaƙin waɗannan murahu. Tun 1 ga Janairu 2022 Tarayyar Turai ta hana fito da sabon murhu kasuwa sai ya cika sharuɗɗan tsimin makamashi da ƙarancin hayaƙi. Italiya kuwa tun 2017 ta yi dokar ba murahu taurari gwargwadon tsabtar hayaƙinsu, mafi kyau shi ne mai taurari 5. A lardin Lombardiya, inda Milan take, hayaƙi yakan kwanta a kwarin kogin Po lokacin sanyi, don haka tun 2020 ba a yarda a kafa sabon murhun da bai kai taurari 4 ba. Ƙa'idar aikin a Italiya kuma ta ce bututun hayaƙi ya fita ta saman rufi, kada a huda bango a sake shi a kan maƙwabta.

Murhun nan ba ya aiki sai da lantarki. Wajen kunnawa yakan sha wat 300 zuwa 400 na 'yan mintoci, bayan haka wajen wat 100. In wuta ta ɗauke fankoki su tsaya, amma garwashi yana nan yana ci. In bututun hayaƙi a tsaye yake, yana da tsawo, hayaƙi zai bi shi ya fita da kansa. In kuwa gajere ne a kwance, hayaƙin yana iya komowa cikin ɗaki. A cikin hayaƙi akwai iskar guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Alamunta ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, mai barci kuwa tana iya kashe shi bai farka ba. Saboda haka tilas gwani ya kafa murhun, a ba shi hanyar shan iska daga waje, a rataye na'urar gargaɗi mai ƙara in gubar ta taru. A share kaskon kowace rana ko bayan kwana biyu, gwani kuma ya zo ya share bututun hayaƙi sau ɗaya a shekara.

10. ABIN DA YA SHAFI ƘASARMU

In wani ya zo wa Hakimi da shawarar sayen irin wannan murhu domin gidansa a nan, sai a yi masa tambayoyi uku. Kwana nawa ne a shekara gidansa ke bukatar ɗumamawa? Ina zai riƙa samun ƙwayoyi masu kyau? Yana da lantarkin da ba ya ɗaukewa da dare? Sanyin hunturu na 'yan makonni ne, ko a Jos da tsaunin Mambila, inda dare yakan sauka ƙasa da digiri 10, bai kusanci na Milan ba. Ga yawancin gidaje, bargo da toshe kafofin taga da sa silin sun isa.

Amma maganar iskar guba ta shafi kowa. Gubar nan ita ce ke fita daga kaskon gawayi da akan shigar ɗaki lokacin ɗari, ita ce kuma ke fita daga janareta. Ana roƙon Hakimai su umurci Dagatai da masu unguwa su sanar da jama'a kafin hunturu ya kama: kada a kwana da kaskon wuta a ɗaki rufe, a fid da shi kafin a kwanta, a bar taga a ɗan buɗe muddin yana ciki, kada kuma a kunna janareta cikin ɗaki ko zaure. In aka tarar da mutum ya galabaita a ɗakin da ke da garwashi, a fid da shi cikin iska nan take, a buɗe ƙofofi, a garzaya da shi asibiti. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Gida mai daɓen mita murabba'i 80, tsayin ɗaki mita 3, ginin matsakaici ne. Kilowat nawa yake bukata?
2. Don me ake tambayar iyakar raguwar murhu, ba iyakar ƙarfinsa kaɗai ba?
3. Me ke faruwa da iskar ɗumi in bututu ya yi tsawo, ko kwanoninsa sun yi yawa?
4. Waɗanne alamu ne ke nuna iskar guba ta taru a ɗaki, me kuma ya wajaba a yi nan take?